Mesa a Cikin Buhu: Ranar da Ƙanena Ya Ce Zai Fara Kiwon Maciji

Idan ɗanki ko ƙanenki yana da waya mai intanet, da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton nan ba: wani Bature riƙe da maciji fari fat kamar auduga, idanunsa shuɗaye, ko kuwa rawaya mai ɗige-ɗige kamar ayabar da ta nuna, a ƙasan hoton kuma an rubuta farashi da dala. Ni ma a wayar ƙanena na fara gani, wata Juma'a da na je gida Boɗinga bayan na sauko daga aikin dare. Ban ɗauki abin da zafi ba. Sai bayan mako uku Inna ta kira ni, muryarta na rawa, ta ce in zo in ga abin da yaron nan ya ajiye a bayan rumbu.

Da na isa, na tarar da buhun taki ɗaure da igiya, yana motsi a hankali. Inna na tsaye nesa da shi, ta tattara jikokinta biyu a bayanta.

"Wanga abu ba ya kwana gidan ga," in ji ta.

Shi kuwa gogan sai lallashina yake yi. "Yaya, ke da kika yi boko ai kin san mesa ba ta da dafi. Mace ce, mafaraucin ya tabbatar mini. In na samu namiji, baɗi war haka ta yi ƙwai."

Ya saye ta ne da kuɗin albasar da ya noma, a hannun wani mafarauci da ke yawo a fadamun da ke kusa da madatsar ruwa ta Shagari. Na yi masa alkawarin ba zan yanke hukunci ba sai na karanta abin da masu wannan sana'a da likitocin dabbobi suka rubuta. Abin da na samu shi ne nake son in gaya miki, domin na lura ba shi kaɗai ba ne cikin samarinmu wannan mafarki ya kama.

Sana'ar dai gaskiya ce, kuma tushenta a nan yankinmu na Afirka ta Yamma yake. Macijin da ake gani a hotunan nan wata ƙaramar mesa ce da masana ke kira Python regius. Tsawonta ba ya cika wuce mita ɗaya da rabi, kuma in ta tsorata sai ta naɗe jikinta kamar gammo, ta cusa kanta a tsakiya. Wannan sanyin hali ne ya sa Turawa suka so ta. Tana zaune a ƙasashen ciyawa tun daga Senegal har Uganda, ta fi yawa a kudu da mu inda damina ta fi tsawo. A garin Wida na Jamhuriyar Benin akwai ɗakin bauta da aka keɓe mata, a yankin Idemili na Jihar Anambra kuma ba a kashe mesa. Ƙasashe uku ne suka fi fitar da ita waje: Togo da Benin da Gana. Tun daga 1975 zuwa yau an fitar da sama da miliyan uku, yawancinsu zuwa Amurka. Mafarauta kan tono ramuka a farkon shekara, su kwaso ƙwai da matan da ke ɗauke da ƙwai, su kai wa masu gonakin macizai. A can ake ƙyanƙyashewa, a loda 'ya'yan a jirgi.

Kuɗin da samarinmu ke hange kuwa a launi yake. A cikin dubban da ake kamawa, jefi-jefi akan samu guda da ta fito daban, kamar yadda ake haifar zabiya a cikin mutane. Wani mai kiwo a Oklahoma, Bob Clark, ya samu irin wannan zabiyar mesa daga Afirka, ya yi ta haɗa ta da wasu har a 1992 ya ƙyanƙyashe zabiyoyi na farko a hannun ɗan Adam. Kowace guda dubban daloli aka saye ta. A 1997 wani mai suna Peter Kahl ya tabbatar da cewa launin nan mai roɗi-roɗin fari, wanda suke kira Piebald, shi ma gadonsa ake yi. Daga nan kasuwa ta buɗe. Yau haɗe-haɗen launukan sun kai dubbai, kowanne da sunansa.

Da na zo kan yadda gadon launin yake tafiya sai na yi dariya ni kaɗai, domin darasin da nake yi wa masu shirin aure ne kusan kowane mako. Kin san yadda mai AS yake da lafiyarsa garau amma yana ɗauke da sikila a ɓoye, in ya auri mai AS kuma kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS? To haka zabiyar mesa take. Uwa da uba za su iya zama masu launin daji, baƙi da ruwan ƙasa, amma kowanne yana ɗauke da zabiyanci a jininsa. In an haɗa su, kowane ƙwai yana da kaso ɗaya cikin huɗu na fitowa zabiya. Ita kuwa wannan mesa ƙwai shida take yi a matsakaici, wani lokaci huɗu, wani lokaci goma. In kika yi lissafi, a cikin ƙwai shida akwai kusan kashi 18 cikin 100 na cewa ko guda ba za ta fito zabiya ba. Shekara guda ke nan ta tafi.

Wannan ma ga wanda ya riga ya mallaki masu ɗauke da launin ke nan. Wanda ya sayi zabiya namiji guda ya haɗa shi da mace ta daji, 'ya'yan farko duka da launin daji za su fito. Sai ya reni matan cikinsu shekara uku, ya sake haɗa su da mai launin, sannan ya fara ganin abin da yake nema. Wanda kuwa ya kamo mace da namiji daga fadama, babu mai ɗauke da komai a cikinsu, ko zai shekara ashirin yana haɗa su launin daji zai yi ta samu, irin wanda a can Amurka ma 'yan daloli kaɗan ake sayarwa. Har zabiyar da ta yi tashe a 1992, yau da ta yi yawa, 'yan ɗaruruwan daloli ce. Wannan ɓangaren ba a cika sa shi a bidiyo ba.

Akwai kuma launukan da ke zuwa da cuta. Wanda ake kira Spider, wato gizo-gizo saboda siraran zanen bayansa, yana tafe da wata larura ta jijiya: kan macijin ya riƙa karkarwa, wani ya riƙa juyewa yana kallon sama, ya kai sara ga abinci ya kuskure. A 2018 babbar ƙungiyar masu kiwon irin waɗannan dabbobi ta Birtaniya ta hana sayar da shi a bajekolinta. Ni dai da na ga bidiyon ɗaya daga cikinsu yana ƙoƙarin ɗaga kai yana kasawa, sai na tuna yaran da sanƙarau ya bari da lahani. Ban ƙara kallo ba.

Sai maganar da ƙanena ya fi ɗauka da sauƙi, wato "baɗi war haka ta yi ƙwai." A nan ne na fi daɗewa ina karatu, wataƙila don aikin da na fi yi a asibiti shi ne ɗakin haihuwa.

Namijin wannan mesa yakan isa barbara da wuri, yana da kamar shekara ɗaya, nauyinsa bai wuce giram 600 ko 700 ba. Mace ba haka take ba. Ƙa'idar da yawancin masu kiwo suke bi ita ce kada a kai mata namiji sai ta kai kimanin giram 1,500, ta kuma yi shekara uku ko kusa da haka. Sharuɗɗan biyu tare suke tafiya. Akwai masu gaggawa da ke ɗura wa mace abinci don ta kai nauyin a shekara ɗaya da rabi, amma kitse ne ya taru, jikin bai gama ginuwa ba. Ita kuma wadda ta yi shekara huɗu amma a rame take, ba ta da ajiyar da za ta kashe. Shi ya sa mai kiwo na gaske ba ya rabuwa da sikeli da littafi, yana rubuta nauyin kowace mace da ranar da ta ci da ranar da ta yi saɓa. Yana kuma duban jiki: ya zama a cike, ƙashin baya bai fito kamar tsinin rufin kwano ba, fatar kuma ba ta buɗe tsakanin ɓawo da ɓawo don ƙiba ba.

Dalilin duk wannan taka-tsantsan shi ne abin da ƙwai ke ci a jikinta. Bayan barbara, ƙwayayen da ke cikinta sukan yi watanni suna girma. Manyan masu kiwo da na'urar sikanin suke bin su, irin dai wadda muke duba masu juna biyu da ita, har su kai kamar santimita huɗu. A wannan lokaci za a ga tana neman wuri mai sanyi, tana naɗe kwanon ruwanta, sannan ta daina cin abinci. Wata rana sai tsakiyar jikinta ya kumbura kamar ta haɗiyi babban ɓera alhali ba ta ci komai ba, kumburin ya yi kwana ɗaya ko biyu ya sace. Bayan kamar mako uku sai ta yi saɓa, bayan kamar kwana talatin da saɓar sai ta zuba ƙwai. In an bar mata su za ta naɗe su ta yi kwanci kusan wata biyu ba ta ci ba. Kafin a gama, takan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Shi ya sa ko a daji ba kowace shekara kowace mace take yin ƙwai ba.

In aka matsa wa wadda ba ta isa ba, abu uku ake gani. Ko jikinta ya shanye ƙwayayen ta fasa, wannan shi ne mafi sauƙi. Ko ta zuba ƙananan ƙwai rawaya marasa ɗa. Ko kuma ƙwai ya maƙale mata, ta yi ta yunƙuri ya ƙi fita, ya ruɓe a ciki. Wannan sai likitan dabbobi da ya san macizai, wani lokaci har da tiyata, in ba haka ba mutuwa za ta yi. Da na karanta wannan sai na ajiye wayar na yi shiru, domin na san kamanninsa a ɗakin da nake aiki, kuma ke ma kin sani. Na tambayi ƙanena ko ya san inda zai kai maciji mai naƙuda da tsakar dare. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, amma bai taɓa taka ƙafarsa can ba, bai kuma tanadi ko sisi don haka ba.

Wani abin mamaki da na tsinta a hanya: a Yulin 2020, wata irin wannan mesa a gidan namun daji na Saint Louis a Amurka ta zuba ƙwai bakwai tana da kimanin shekara 62, alhali ta fi shekara goma sha biyar ba ta haɗu da namiji ba. Ikon Allah. Amma darasin da ke ciki ga mai saye shi ne dabba ce mai tsawon rai, shekara ashirin zuwa talatin abu ne da aka saba gani. Yaron da ya saye ta yana ɗan ashirin zai aurar da 'yarsa tana nan.

A ce ma an samu ƙwan lafiya. Yana buƙatar zafin digiri 31 zuwa 32, ba hawa ba sauka, da danshi mai yawa, har kwana 55 zuwa 60. Ke da kika san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, kin san matsalarmu ta sanyaya ɗaki ce, kuma wuni guda na irin wannan zafi ya isa ya kashe ƙwan duka. Da hunturu kuma iska ta bushe ƙayau, saɓa ta riƙa maƙale wa macijin a ido. Duk wannan wutar lantarki yake so wadda ba ta yankewa, a gidan da firij ɗin Inna ya zama kabad na ajiye kwanoni.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne abinci. Mesa ba ta cin dusa, ɓera take ci, kusan guda a mako yayin da take girma. Kafin mace guda ta isa ƙwai ta ci kamar 150. A Turai daskararrun ɓeraye ake saya waɗanda aka kiwata a tsafta. Shirin ƙanena kuwa shi ne ya sa yaran unguwa su riƙa kamo masa na rumbu. Ɓeran da ke yawo a gidajenmu da gonakinmu shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau, kuma ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa ake kamuwa. Duk shekara da rani muna fama da faɗakarwa a rufe abinci, a kori ɓera, sai ga wani zai mayar da kamun ɓera da hannu aikin yara. Ga kuma ɓeran da ya ci shinkafar ɓera a maƙwabta, wanda zai kashe macijin da kansa.

Shi ma macijin, ko mai lafiya ne, yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa, ta bi kashinsa ta hau fatarsa da duk inda ya ja jiki. Babba zai yi gudawa da zazzaɓi na 'yan kwanaki ya warke. Jariri kuwa tana iya shiga jininsa ko ƙwaƙwalwarsa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a ƙasar da aka fi kiwon nan, ita da kanta ta ce kada a ajiye irin waɗannan dabbobi a gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar. A tsakar gidanmu akwai mai rarrafe, akwai ɗan shekara uku, kuma kowa a kwano guda yake wanke hannu. Ga masu cin naman mesa ko taɓa ɗanyensa kuma akwai wata tsutsa da ke zama a huhunta, wadda ƙwanta kan shiga jikin mutum ya zauna a hanta. Sau da yawa sai an ɗauki hoton ƙirji ko ciki don wani dalili ake ganin burbushinta.

Ban manta da doka ba. Duk nau'in mesa yana cikin yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Nijeriya ke ciki tun farkonta, kuma muna da dokarmu ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar barazana, wadda aka yi wa gyara a 2016. Fitar da mesa ko fatarta waje ba da takardar izini ba laifi ne, hukumar NESREA da kwastam suna kama mutane a kai. Wanda ya ce maka a Facebook zai saya da dala in ka aiko ta mota zuwa Kwatano, ka tambaye shi wa zai ɗauki laifin in an tare motar.

Sai a rana ta uku muka kwance buhun, bayan na sa an kira wani dattijon gardi da Baba ya sani tun suna samari. Ya zazzage ta a cikin wani tsohon daro mai zurfi. Ba ta naɗe kamar gammo ba. Ta ja da baya ta kai sara, ta sake kaiwa, tana huci. A kanta akwai zane mai kama da kan mashi. Dattijon ya dubi ƙanena ya ce, "Yaro, wagga ai mesar fadama ce. Jinjira ce, ba ta yi shekara ba."

Wato ba ma irin wadda ya gani a waya ba ce. Babbar mesa ce ta Afirka, Python sebae, macijin da ya fi kowane girma a nahiyar nan, wanda kan kai mita huɗu har biyar, ya haɗiye akuya. Ita ce dukawa ke yin jaka da takalmi da fatarta, masu maganin gargajiya kuma suna neman kitsenta. Gaskiya ne ba ta da dafi. Amma a Agustan 2013, a garin Campbellton na Kanada, irinta mai kimanin mita huɗu ta fita daga kejinta ta bi bututun iska, ta faɗo ɗakin da wasu yara biyu 'yan uwa suke barci, ɗan shekara huɗu da ɗan shekara shida. Da safe aka tarar da gawarsu. Wannan a gidan mutumin da sana'arsa ke nan, mai keji na gilashi. Mu buhun taki muke da shi da ɗakin kaji.

Akwai wani haɗarin da ya riga wannan zuwa, shi ne na neman macijin. Tun da labari ya bazu cewa ana sayen ɗan mesa, yara za su fara zura hannu a ramukan gafiya da cikin suri. Abin da ke kwance a irin waɗannan wurare a ƙasarmu sau da yawa kububuwa ce ko kasa, kuma ga idon yaro, kasa mai kauri da zane-zane ba ta da nisa da ɗan mesa. Na yi jinyar wani yaro ɗan shekara goma sha biyu da kububuwa ta sara a yatsa yana tonon gafiya. Sai da aka kwana biyu ana ɗaure masa hannu da tsumma, ana tsaga wurin ana shafa magani, kafin a kawo shi dasashinsa na zubar da jini. Mun ɗebi jininsa a kwalba muka ajiye minti ashirin, ya ƙi daskarewa. Ya rayu, bayan an sha wahalar neman allurar kashe dafi, amma yatsan bai tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta kuma ƙiyasta cewa yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara. Asibitin da ya shahara da wannan aiki a Nijeriya yana Kaltungo a Jihar Gombe, tafiyar wuni guda cur daga nan. Don haka in tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti mafi kusa nan take.

Ƙanena bai ce komai ba da gardin ya gama magana. Ya daɗe yana kallon daron. Can ya ce, "Yaya, to kuɗina fa?" Na ce masa wannan tsakaninsa da mafaraucin ne. Washegari da sassafe shi da dattijon suka hau babur da buhun, suka bi hanyar Shagari, suka sake ta a cikin ciyawar bakin ruwa nesa da gonakin mutane. Mafaraucin ya mayar masa da rabin kuɗin bayan Baba ya sa baki. Inna ta sa aka ƙone buhun, aka wanke daron da ruwan zafi da omo sau uku, duk da haka ta ce ba za a ƙara yi wa jikokinta wanka a ciki ba. Yanzu a bayan rumbu yake, an cika shi da ƙasa, ƙanena ya yafa irin albasa a ciki.